Tsohuwar Peugeot na karkarwa: laifin karburato ne?

Har yau a garejojin Maradi ba a rasa Peugeot 504 da ƴar uwarta 404, masu aiki da karburato, wato na'urar da ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji. Ga abin da masu su suka fi tambaya.

Motata na rawa tana tari in tana tsaye. In kwance karburato?

Dakata tukuna, Alhaji. Sau da yawa laifin wuta ne ake ɗora wa karburato. Tada inji, ka riƙa cire wayar buji ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, don wutar na fizga. Wadda ka cire amma ƙarar inji ba ta canza ba, to silindar nan ce ta yi barci. Daga nan ka buɗe murfin delko, mai rarraba wuta zuwa buji, ka duba ko ya tsage ko ya yi datti, ka auna tazarar filatin, ƴan ƙarafan cikin delko masu buɗewa da rufewa: 0.4 na milimita ake so. In wani yaron gareji ya taɓa cire wayoyin, tabbatar ya mayar da su bisa tsarin 1-3-4-2. Na sha ganin an wanke karburato sau biyu alhali waya biyu ce aka musanya.

Me launin buji ke nunawa?

Baƙi ƙirin mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, iska ta rinjayi mai. Ruwan ƙasa shi ne daidai. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, maganar ringin fistin ce, ba ruwan karburato.

Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa na iya jawo haka?

Ƙwarai. Jarka da kwalba ba sa rasa ƙura, wani lokaci har da ruwa. Ramin jiklar na ralanti, wanda mai ke bi lokacin da mota ke tsaye inji na aiki, bai kai bakin allura ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Alamarsa, mota na gudu lafiya a hanyar Ɗan Isa, amma da ka ɗaga ƙafa a shataletale sai ta mutu. Cire jiklar, ka wanke da mai, ka hura da iska. Kada ka zura waya ciki. Ramin zai faɗaɗa, mota ta koma shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Filtar mai kuma a canza ta.

Da hunturu fa?

Ƙura na toshe filtar iska, sai baƙin hayaƙi. Kakkaɓe ta ko ka sa sabuwa.

Yaushe za a taɓa sukurorin karburato?

Daga ƙarshe, kuma sai inji ya yi zafi, shok, abin da ake ja don tada inji mai sanyi, ya koma wurinsa. Kafin nan duba gasket na gindin karburato da ƙananan tiyo, don iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya ba sukurun da zai gyara ta. Sannan ka juya sukurun mai kaɗan-kaɗan, kwatan juyi a lokaci guda, kana sauraro, har ƙarar ta daidaita. Ƙirga juyin da ka yi, don in abin ya ƙi ka san inda za ka koma.