Direbobin tarakta, a daina ɗura baƙin mai a haidurolik

Tun da aka fara huɗar bana, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ina tarar da tarakta tsaye tsakiyar gona wajajen Kura da Kadawa, an ja libar haidurolik, wato na'urar da ke ɗaga garma da ƙarfin mai, amma garma ta ƙi ɗagawa. In na zaro sandar gwajin mai sai in gan ta baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na tambayi wani direba, "Ɗan'uwa, me ka zuba mata?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, ai mai duk mai ne, wanda aka juye daga inji na ƙara."

Mai duk mai ne? To a soya mana ƙosai da shi.

Baƙin mai ya gama aikinsa. Toka da garin ƙarfe ne a cikinsa, famfon haidurolik kuwa ƙurar da ido ba ya gani ma tana cinye shi. Man kirki yana da kaurin da aka auna masa, kuma yana riƙe kaurin nan ko da rana ta take, irin ranar Afrilu da ke haura digiri 40. Gurɓatacce yana ɗaukar zafi sai ya tsinke kamar ruwa, garma ta riƙa sauka da kanta. Zafin mai in ya wuce digiri 80, sil ma, wato robar da ke hana mai yoyo, ƙonewa yake. A tarakta ƙirar Massey Ferguson kuma man nan ɗaya ne ke hidimar giya da haidurolik, ka ga ɓarna biyu ke nan.

Na san kuɗin mai ya yi tsada, wallahi na sani, kuma mai gona yana tsaye a kanka. Amma Alhaji mai tarakta, ka je ka tambayo kuɗin sabon famfo, sannan ka lissafa kwanakin da za ta yi a gareji ana tsaka da shuka. Ku bar baƙin man nan!

Sauran a gurguje:
- a sayi man da littafin taraktar ya ce, a jarka mai hatimi;
- a goge bakin tanki da mazurari kafin a zuba;
- mai ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, a juye;
- kumfa da kukan famfo, iska yake zuƙa, a kira bakanike;
- tiyo na yoyo, a nemo hujin da kwali. Kada a sa hannu, man yana huda fata, wanda ya huda kuma asibiti nan take.