Kwafin "Jar Gonar Inabi" na Van Gogh da aka zana da hannu: tambayoyi da amsoshi

Wane zane ne wannan?

Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holand, ya zana shi a farkon Nuwamba 1888 a garin Arles da ke kudancin Faransa. Lokacin kaka ne, ganyen inabi ya rine ya koma ja da shunayya, ga masu tsinka sun duƙufa, ga ƙatuwar rana a sama ta dama ta mayar da sararin sama rawaya. Girmansa santimita 75 a tsaye, 93 a kwance, kuma da fentin mai aka zana shi a kan algarara. Anna Boch, mai zane 'yar Beljiyam, ta saye shi faran 400, kuɗin wancan zamani, a 1890, shekarar da Van Gogh ya mutu. Yau yana gidan tarihi na Pushkin a Mosko. Haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, don haka kowa na iya kwafarsa ya sayar, muddin bai ce na asali ba ne.

Me ya bambanta kwafin hannu da wanda inji ya buga?

Kaurin fenti. Van Gogh ba ya shafa fenti ya kwanta sumul, ɗora shi yake yi gunduwa-gunduwa, har sawun burushi ya tashi kamar kunyar gona. Inji yana iya kawo launi daidai, amma ba ya kawo wannan tudu da kwari. Shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke buga hoton a kan kanbas, wato yadin da ake zane a kai, su bi samansa da wani ruwa mai kauri marar launi, su ce aikin hannu ne.

Gane su ba wuya. A kashe fitila, a haska tocila daga gefe, dab da fuskar zanen. A aikin gaskiya kowane tudu yana bin launinsa: inda jan layi ya lanƙwasa, nan tudun ya lanƙwasa. A na bogi tudun yana ratsa ja da shuɗi ba ruwansa. Gilashin ƙara girma kuma zai nuna ɗige-ɗigen tawadar inji a wuraren da ba a taɓa ba.

Yaya ake yin sa?

Ana ɗaure kanbas na auduga ko lilin a jikin katako, a shafa masa farin share fage sau 2 ko 3, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Sai a raba hoton asali gida-gida, a raba kanbas haka nan, a fitar da surar da gawayi. Shafin farko na launi siriri ne, an tsinka shi da turfentin, ruwan da ake sirka fentin mai da shi. Kowane shafi da ya biyo baya sai ya fi na ƙasansa mai. Wannan ita ce ƙa'idar da ba a karyawa: idan na sama ya riga na ƙasa bushewa, na ƙasa zai ci gaba da motsi ya tsattsaga shi. Daga ƙarshe ake ɗora fenti mai kauri da burushi mai taurin gashi da 'yar wuƙar fenti, bugu ɗaya, ba komawa. Mai kwafin da ya tsaya gyara kowane layi sai ja da shuɗi su cakuɗe su zama launin laka, kuma a gaban zanen, inda shunayya ta yi yawa, aka fi ganin wannan aibi.

Yawancin irin wannan aiki daga ƙasar Sin yake fitowa, musamman ƙauyen Dafen da ke birnin Shenzhen, inda sana'ar ta kafu tun 1989.

Launin zai yi daidai da na Mosko?

Ba zai yi ba, kuma ba lallai laifin mai zane ba ne. Rawayan sinadarin kurom da Van Gogh ya yi amfani da shi yana dushewa ya yi duhu da shekaru, yau kuwa da na kadmiyom ake aiki, wanda ya fi haske. Sannan daga hoto ake kwafa, hotuna kuma sun sha bamban. A nemi mai sayarwa ya nuna hoton da za a bi tun kafin a fara, ya kuma turo na aikin da aka gama, wanda aka ɗauka da hasken rana.

Wane girma ya kamata a nema?

Wanda ya bi tsarin na asali: 75 da 93, ko 60 da 74. Idan aka ce 60 da 90, to ko a datse sama da ƙasa, ko a ja mutanen su yi faɗi. A bar rarar kanbas santimita 5 a kowane gefe saboda ɗauri. Wanda ba ya son surar mutane a bangonsa, akwai zanen bishiyar mulberi da Van Gogh ya yi a garin Saint-Rémy na Faransa a Oktoba 1889, shi ma na kaka, ba kowa a ciki.

Me ya sa ake daɗewa kafin a aiko?

Fentin mai ba ƙafewa yake kamar ruwa ba, iska yake sha ya daskare daga waje zuwa ciki. Siririn shafi kan yi kwanaki, mai kauri makonni, cikinsa kuwa watanni. Duk wanda ya yi alkawarin kwafin Van Gogh mai kaurin fenti cikin kwana 5, ko ya cika maganin busarwa, wanda ke sa fenti ya yamutse, ko bugun inji ne. In aka naɗe shi da ɗanye, takarda za ta manne, tudun ya baje. Naɗin daidai shi ne fenti ya kalli waje, a kan bututu mai faɗi, domin naɗi ta ciki yana matse fentin ya fashe. Banish kuma, wato shafin ƙarshe mai sheƙi da ke kare fenti, sai bayan wata 6 zuwa 12.

Kula da shi fa, a inda ake zafi da ƙura?

Ƙurar hunturu tana kwanciya cikin kwarin fenti. A kaɗe ta da busasshen burushi mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. Ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da sabulu. Kada a rataye shi inda rana ke dukansa, ko kusa da hayaƙin girki da na turaren wuta. Idan kanbas ya saki da damina, a ɗan bubbuga 'yan katakon da ke kusurwoyin firam ta baya, kaɗan-kaɗan, don idan iska ta bushe zai sake ɗamewa da kansa.