Yadda ake haɗa totur ɗin mashin ya rinƙa komawa da kansa

Me da me ke cikin totur in an kwance shi?

Ba wasu kaya ne masu yawa ba. Akwai bututun roba mai tauri da ake zurawa a kan ƙarfen kan mashin ta hannun dama, shi ne yake juyawa in ka murza, sai roba mai laushi da ke kansa wadda kake riƙewa. A gindin bututun akwai wani ɗan zagaye mai kwarmi da huda, nan wayar totur take kwanciya. Sai gidan da yake rufe su, ɓari biyu ne ana ɗaure su da kusoshi biyu, sai ita wayar da take tafiya har kabureta. Sifirin da yake dawo da totur kuma baya wajen hannu, yana can a kabureta, shi yasa in totur ya ƙi komawa ba lallai laifin sifirin bane, galibi wani abu ne yake riƙe shi a hanya.

Da me zan fara?

Ka fara goge ƙarfen tas, in akwai tsatsa ko busasshen gam ka kankare shi. Ka shafa giris kaɗan, kaɗan fa nace, don in ka lafta shi ƙura yake kamawa ya zama kamar laka. Ka zura bututun ka juya shi haka nan ba waya ba komai, ya kamata ya rinƙa yawo sakayau, in tun a nan yana cijewa to kada ka ci gaba, ko bututun ya tsage ko ƙarfen ya lanƙwashe daga faɗuwa.

Daga nan ka fara zura wayar ta cikin gidan tukuna, wannan shi ake yawan mantawa sai an gama a dawo a kwance. A bakin wayar akwai ɗan dunƙulen ƙarfe kamar ƴar ganga, shi zaka cusa a hudar bututun, ka juya bututun wayar ta kwanta cikin kwarminta. Sai ka haɗa ɓari biyun. Duba cikin gidan da kyau zaka ga wani ɗan tsini, a jikin ƙarfen kan kuma akwai ƴar huda da aka yi dominsa, sai ya faɗa ciki zaka ji gidan ya zauna daram. Wasu in ya ba su wahala sai su gutsure tsinin, ni dai ban ga dabara a nan ba, don ranar da ka murza da ƙarfi gidan gaba ɗaya zai juya tare da hannunka. Kusoshin kuma kada ka ɗaure guda har ƙarshe ka bar ɗaya, ka rinƙa yi musu bi da bi, kana yi kana murza totur ɗin kana saki.

Nawa waya biyu ne, wacce ke zuwa ina?

Ɗaya ita take buɗewa in ka murza, ɗayar ita take jawo shi ya rufe in ka mayar da hannu, an yi ta ne saboda ko da ya maƙale ka iya rufe shi da ƙarfin hannunka. Kafin ka kwance ka ɗau hoto da wayar hannunka ko ka ɗaura ɗan salatif a guda. In ka riga ka kwance, bi wayar zuwa kabureta ka ja ta da hannu, wadda ta buɗe ita ce ta ja.

Na haɗa amma in na saki baya komawa?

Toh wannan mashin bai haɗu ba, kar ka hau shi. Lafiyayyen totur in ka murza shi har ƙarshe ka saki zaka ji ya koma ƙas da kansa. Fara duba bakin robar ta waje, sau da yawa an tura bututun ne ya shige da yawa har ƙarshen robar yana gugar bakin ƙarfen ko ƙarfen nauyin nan da ake ɗaurawa a ƙarshe, ja bututun baya kaɗan a samu ƴar tazara. Ko kuma lokacin sa gam a robar ya zurara ya shiga tsakanin bututu da ƙarfe. In ba nan bane to waya ce, ko tanki ya danne ta, ko an bi da ita ta lungun da ta karye kwana, ko silin cikinta ya fara tsinkewa yana kartar bawon. Wadda ta fara tsinkewa ba a yi mata magani da mai, canza ta ake.

In kaburetanka irin mai ɗan fistin da allura ne kuma ka buɗe murfin sama, lura da tsagin da ke jikin fistin ɗin ya dace da tsinin da ke cikin kabureta, yankakken gefen ya kalli wajen shigar iska. In ya zauna a karkace kana tayar da mashin zai kama ihu.

Wasa nawa ya kamata a bari?

Yawancin mashina tsakanin milimita 2 zuwa 6 ne, ana auna shi a gindin robar, wato ɗan juyin da hannu yake yi kafin wayar ta fara ja. Littafin mashin ɗinka shi zai baka na naka daidai. Akwai noti biyu a jikin wayar kusa da hannu, sassauta na kullewa, juya ɗayan har ka samu, ka mayar ka kulle. Sannan ka tayar da mashin a firi ka karya kan zuwa dama har ƙarshe ka dawo hagu har ƙarshe. In silo, wato ƙarar injin lokacin da ba ka murza totur ba, ya tashi da kansa to wayar ta yi tsauri ko hanyarta ba daidai bace.

Zan iya sa kowane totur?

A'a. Yawancin mashina ƙarfen kansu milimita 22 ne, irin su Harley-Davidson kuma inci ɗaya, kusan 25.4. Robar dama ma ta fi ta hagu faɗin ciki tunda kan bututu take hawa, kar ka musanya su. Akwai kuma mashina na zamani da kwamfuta ke buɗe musu totur, Yamaha R6 ta fito da haka tun 2006, wasu ma babu waya a hannun sam sai na'ura mai karanta juyi, waɗannan ba wani noti da zaka juya ka gyara musu wasa.