An sallame ka daga aiki a Legas: ina haƙƙinka yake, kuma wa za ka kai wa kuka?

Wani ƙanen abokina da ya yi shekara shida yana lodi a wata masana'anta da ke Ikeja ya same ni a wurin mai shayi a Agege, da takardar sallama a ninke cikin aljihu. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba mini wannan, an ce gwamnati na biyan waɗanda suka rasa aiki, a cike fom kawai." Saƙo ne da aka turo masa ta WhatsApp, ana neman lambar BVN ɗinsa da naira dubu biyu na rajista. Na ce masa ya goge.

A Najeriya babu dokar da ta ce a riƙa biyan mutum alawus duk wata don ya rasa aiki. Amurka tana da irin wannan tsari tun 1935, Afirka ta Kudu ma tana da asusun da ma'aikaci da mai aiki kowa ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashi. Mu ba mu da shi. N-Power da aka fara a 2016 shiri ne na gwamnati, wanda aka ɗauka ya samu, amma ba haƙƙi ne da za ka kai ƙara a kansa ba. Abin da doka ta tanadar wa wanda aka sallama yana warwatse ne a wurare daban-daban, sai ka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Wuri na farko shi ne hannun wanda ya sallame ka. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ƙayyade notis gwargwadon daɗewarka: kwana ɗaya idan ba ka wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Notis na mako ɗaya zuwa sama dole a rubuce yake. Idan kamfani ya ga dama ya ce ka tafi yau, to sai ya biya ka kuɗin kwanakin notis ɗin, sai dai ba a lissafa obataim da alawus-alawus a ciki. Wannan mafi ƙaranci ne. Idan takardar ɗaukarka aiki ta ce wata uku, wata ukun ne. Wanda aka kora bisa babban laifi, irin sata, shi ba ya da wannan.

Idan rage ma'aikata aka yi, sashe na 20 ya shigo. Dole kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, kuma wanda ya shigo daga baya shi ake fara sallama, amma ana duba ƙwarewa da riƙon amana. Kan batun kuɗin sallama kuwa, dokar cewa ta yi mai aiki ya yi iya ƙoƙarinsa a tattauna. Ba ta faɗi adadi ba. A ganina nan ne dokar ta fi rauni, domin wanda ba ya cikin ƙungiya da wa zai zauna teburin tattaunawa? Garatuti ma haka: a kamfanoni masu zaman kansu sai idan yana cikin takardar aikinka, ko kundin ƙa'idojin kamfanin, ko yarjejeniyar da ƙungiya ta ƙulla.

Akwai wani abu da ya shafi mutanenmu sosai. Kalmar "ma'aikaci" a wannan doka ba ta haɗa da manajoji da ƙwararru masu aikin ofis ba, haka kuma ba ta haɗa da wanda aka ɗauka don hidimar da ba ta kasuwancin mai ɗaukar ba. Maigadin da kamfanin tsaro ya ɗauka ya tura shi Lekki yana ciki. Wanda Alhaji ko Madam suka ɗauka da baki yana gadin ƙofar gidansu, abin da zai dogara da shi shi ne alƙawarin da aka yi, shi ya sa ko saƙon waya da alat na albashi suna da daraja a ajiye su. Masu aiki ta hannun ejan kuma, su duba sunan da ke saman takardar albashinsu tun yanzu, don sau da yawa ba sunan masana'antar da suke shiga kullum ba ne.

Wuri na biyu, wanda ya fi kama da tallafin rashin aiki, shi ne asusun fanshonka. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, a haɗa a tura asusunsa a kamfanin kula da fansho, waɗanda ake kira PFA. A ƙa'ida ba a taɓa kuɗin sai an kai shekara 50. Amma wanda bai kai 50 ba, aka sallame shi ko ya ajiye aiki da kansa, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ya taru. A tsohuwar dokar 2004 wata shida ake jira.

Bari mu yi lissafi. A ce albashin da ake lissafin fansho a kansa naira 100,000 ne. Duk wata 18,000 ke shiga. A shekara biyar ya zama 1,080,000, ban da ribar da aka juya. Rubu'insa 270,000. Ba kuɗin da zai riƙe iyali shekara ba ne a garin da mai gida ke neman hayar shekara dunƙule, amma zai iya zama jarin tireda ko na kayan gwari daga Mile 12. Sauran kashi 75 sai ka kai 50, don haka kada ka ɗauka rijiya ce da za ka riƙa komawa. Idan kana ganin aiki na tafe nan da wata ɗaya ko biyu, ni da zan ba ka shawara ka bar su su ci gaba da haihuwa.

Za a nemi takardar buƙata daga gare ka, takardar sallama, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru daga kotu, hotuna, bayanin asusun banki, da takarda daga tsohon wurin aikinka mai tabbatar da cewa an tura duk kuɗin fanshonka. Wanda ya buɗe asusu kafin Yulin 2019 sai an sabunta bayanansa da lambar NIN. A nan ne mutanenmu ke yawan maƙalewa: Muhammadu a wannan takarda, Mohammed a waccan, sunan gari a matsayin sunan mahaifi a ta uku, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Gyara wannan kafin wata huɗun su cika. Ba a biyan ko kwabo don cire kuɗin, duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya "tura fayil", ɗan damfara ne.

Ƙanen abokin nawa da ya karɓo bayanin asusunsa, sai ya ga wata goma sha ɗaya babu abin da ya shiga, alhali takardar albashinsa na nuna ana cirewa. Doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, idan ya saɓa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba a kowane wata. Ya rubuta wa kamfanin da ya sallame shi, ya kai kwafi biyu, ya sa aka buga masa hatimin karɓa a ɗaya ya riƙe.

Sai batun kuɗin da aka ce an biya ka fiye da ƙima. Wannan yakan taso daidai lokacin lissafin sallama: akanta ya ce tun bara ake maka ƙari bisa kuskure, don haka an zabtare. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya yarda a cire rarar albashi, amma wadda aka biya cikin wata uku kafin watan da aka gano kuskuren kawai. Kuma jimillar abin da za a cire a wata ɗaya ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba. Tara kuwa, irin "ka makara an ci ka dubu biyar", sashen ya hana; ko asarar da ka jawo da sakaci sai da amincewar jami'in ƙwadago ake cirewa. Nemi lissafin a rubuce, wata-wata. Kada ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓi dukkan haƙƙinka alhali ba ka karanta ba, ko ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Ka ce za ka je da ita gida ka dawo gobe.

Ɗaya gefen ma gaskiya ne. Idan ka bar aiki albashi ya ci gaba da faɗowa asusunka, ba rabo ba ne, kuɗin mutane ne, kuma suna iya bin ka kotu. Sanar da su a rubuce, kada ka taɓa. Idan ka riga ka ci, nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan, a rubuta.

To idan an hana ka fa? Kan fansho, ka fara da kamfanin PFA ɗinka. Idan ba ka gamsu ba, ka rubuta wa Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta sake duba hukuncin. Doka ta ba ta wata uku. Daga nan sai sasanci ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kan albashi da kuɗin notis, kafin kotu akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai kuma cibiyar sulhu ta Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas, wadda ke zaunar da mai aiki da ma'aikaci kyauta, da ofishin lauyoyin jihar masu kare marasa ƙarfi. Wanda kuma rauni a bakin aiki ne ya zaunar da shi, hanyarsa daban ce: Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 da NSITF, hukumar da ke biyan diyyar, a nemi diyya cikin shekara ɗaya, idan an ƙi a nemi sake dubawa cikin kwana 180.

Kotun Ma'aikata tana zama a Ikoyi, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita kaɗai ke da hurumin shari'ar aiki, don haka kai ƙarar albashi ofishin 'yan sanda ɓata lokaci ne. Wanda bai gamsu da hukuncinta ba sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga can babu gaba a irin wannan shari'a. Alƙali takarda yake dubawa: ta ɗaukar aiki, ta albashi, bayanin banki, katin shaida na kamfani. Ɗauki hotonsu ka tura wa wani ɗan uwa ya adana tun kana bakin aiki, don ranar sallama a bakin get ake karɓe katin.

Shi dai ƙanen abokina ya fasa tafiya gida Funtuwa da ya yi niyya a makon. Ya samu dako a kasuwa yana rage zafi, yana ƙirga wata huɗunsa, takardar mai hatimi kuma tana cikin leda a ƙasan akwatinsa.