Zanga-zanga a Accra: sanarwa doka ke so, ba neman izini ba

Har yau a unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango ana cewa sai 'yan sanda sun yarda kafin a fita zanga-zanga. Dokar Ghana ba ta ce haka ba. Sashe na 21 na tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin taruwa da jerin gwano. A 1993 jam'iyyar NPP, lokacin tana adawa, ta maka Sufeto Janar na 'yan sanda a Kotun Ƙoli, kotun kuma ta soke sharaɗin neman izini da ke cikin dokar soja ta 1972. Sai majalisa ta yi dokar tarukan jama'a ta 1994, mai lamba 491.

Masu shirya taro za su rubuta wa ofishin 'yan sanda mafi kusa da wurin taron, aƙalla kwana 5 kafin ranar, su faɗi irin taron, lokacinsa da hanyar da za a bi. In 'yan sanda na fargabar rikici, suna iya neman a ɗage ranar ko a canja wuri. Masu taro na da awa 48 su ba da amsa. In sun ƙi, sai a tafi gaban alƙali, shi kaɗai ke da ikon hanawa.

To, a nan gizo ke saƙa. 'Yan sanda sukan garzaya kotu ana gobe taro, wani lokaci ba a ji ta bakin masu shiryawa ba. A Satumban 2023 an kama mutum 49 da suka nufi fadar shugaban ƙasa ta Jubilee, lokacin NPP na mulki. A 2015, zamanin mulkin jam'iyyar NDC, masu neman sabuwar rajistar zaɓe sun sha barkonon tsohuwa a hanyar hukumar zaɓe. Kowace jam'iyya tana son wannan 'yanci matuƙar ba ita ke kan kujera ba.

Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da siyasa a 2000, kuma a 2020 kwamitin da ke kula da ita ya ce rashin ba da sanarwa kaɗai bai halatta tarwatsa taron lumana ba. Wannan hujja ce ga lauya, amma ba ta buɗe ƙofar sel. Sashe na 14 na tsarin mulkin Ghana ne ke amfanar wanda aka kama: a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin.