Alkawari da Alheri a Littafi Mai Tsarki

A tauhidin Kirista, alkawari shi ne ƙullin da Allah ya yi tsakaninsa da mutane, alheri kuwa shi ne tagomashin da yake bayarwa ba don mutum ya cancanta ba. Akan tattauna su tare da batun raunin ɗan Adam, domin a yawancin labaran Littafi Mai Tsarki ba a daɗe da ƙulla alkawari ba sai mutum ya yi tuntuɓe. Daga kalmar alkawari aka samo sunayen manyan sassan littafin biyu, wato Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari.

Asalin kalmar

A Ibrananci kalmar ita ce berit, kuma akan ce an "yanka" alkawari. Sura 15 ta Littafin Farawa ta nuna dalili. An umarci Ibrahim ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne ɗan shekara uku, da kurciya da ɗan tattabara. Ya raba dabbobin biyu-biyu, ya jera kowane ɓari daura da ɗan'uwansa, tsuntsayen ne kawai bai raba ba. Ya zauna yana korar tsuntsaye masu cin nama har rana ta kusa faɗuwa, barci mai nauyi ya ɗauke shi. Bisa al'adar zamanin, mai rantsuwa yakan ratsa tsakanin naman, ma'ana abin da ya sami dabbar nan ya same ni in na karya, kamar yadda Irmiya 34:18 ya nuna. Amma a nan tukunya mai hayaƙi da harshen wuta ne suka ratsa, Ibrahim bai taka ba. Masu sharhi da yawa suna ganin Allah ne ya ɗora wa kansa nauyin rantsuwar shi kaɗai.

Manyan alkawura

Alkawarin Nuhu yana Farawa sura 9, alamarsa bakan gizo. Abin lura shi ne, a 8:21 Allah ya ce ba zai ƙara la'anta ƙasa ba, alhali ya ambaci cewa zuciyar mutum muguwa ce tun ƙuruciya. Sura 9 ba ta ƙare ba sai ga Nuhu kwance a buge cikin alfarwarsa. Haka ma Ibrahim: sura 16 labarin Hajara ce, inda shi da Saratu suka gaji da jiran ɗan da aka alkawarta. Alamar kaciya ta zo a sura 17.

Na Dutsen Sinai ya bambanta, domin yana da sharuɗɗa. A Fitowa 24 Musa ya yayyafa wa jama'a jini, suka amsa da murya ɗaya cewa duk abin da Ubangiji ya faɗa za su yi. Ya hau dutse kwana 40, kafin ya sauko an ƙera ɗan maraƙin zinariya. Ya farfasa allunan dutse da aka rubuta dokokin Allah a kansu, amma a sura 34 an sassaƙa waɗansu, kuma a nan ne aka siffanta Allah da mai jinƙai da alheri, mai jinkirin fushi. Tun shekarun 1950 masana irin su George Mendenhall suka kwatanta tsarin wannan alkawari da yarjejeniyoyin sarakunan tsohuwar daular Hittiyawa da ƙananan sarakunan da ke ƙarƙashinsu.

Dawuda an yi masa alkawarin sarauta madawwamiya a 2 Sama'ila 7, sura huɗu kacal bayan nan ya ɗauki matar Uriya ya sa aka kashe mijin. Ana danganta Zabura 51 da tubarsa.

Sabon alkawari

Irmiya, wanda ya ga faɗuwar Urushalima a hannun Babila wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, ya yi annabcin sabon alkawari da za a rubuta a zuciya (31:31-34). Kirista sun gaskata ya cika a Yesu, wanda ya ɗauki ƙoƙo a jibin ƙarshe ya kira shi sabon alkawari cikin jininsa. A daren nan almajirinsa Bitrus, da ya ci alwashin zai bi shi har mutuwa, ya yi musun saninsa sau uku kafin zakara ya yi cara. Bulus ya kwatanta masu bi da tukwanen ƙasa da aka zuba wa dukiya, ya kuma ce da ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi. Shi da kansa ya hango masu cewa to a ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya ƙi wannan sarai a Romawa 6.

Saɓanin malamai

Gardamar ita ce ina iyakar raunin mutum. Wani malamin Kirista mai suna Pelajiyus ya koyar cewa mutum na iya bin umarnin Allah da ikon zaɓinsa, Agustin bishop na Hippo ya ce ko son yin nagarta ma kyautar alheri ne. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a birnin Kartej a shekara ta 418 ta yi watsi da ra'ayin Pelajiyus. Batun ya sake tashi da Martin Luther, jagoran gyaran Furotesta, wanda ya dage kan alheri kaɗai ta wurin bangaskiya kaɗai, Majalisar Trent ta Cocin Katolika kuma a 1547 ta ce alheri ne ke farawa, amma mutum yana haɗa kai da shi. Ikilisiyoyin da suka bi Kalvin, wani jagoran Furotesta, sun tsara koyarwar zuwa alkawarin ayyuka da alkawarin alheri. Ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu a sanarwar haɗin gwiwa kan yadda ake samun barata, wato yadda Allah ke karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, Majalisar Methodist ta Duniya ta bi sahu a 2006.