Mene ne cinikin musaya, kuma ta yaya yake rage wa ɗan kasuwa kashe kuɗi a Legas?

Cinikin musaya shi ne mutum ya ba da hajarsa ko aikin hannunsa, a biya shi da wata hajar ko wani aikin a maimakon kuɗi. Shi ne Hausawa ke yi wa laƙabi da "ba ni gishiri in ba ka manda", kuma a kansa tsohon fataucin Azbinawa ya tsayu, inda ayarin raƙuma ke kai gero Bilma su dawo da gishiri da dabino. Idan darajar kayan biyu ba ta zo daidai ba, wanda nasa ya gaza sai ya ɗora kuɗi a kai, wannan shi ake kira ciko. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar wayoyi ta Computer Village da ke Ikeja ya ba da tsohuwar wayarsa, ya cika kuɗi aka ba shi wata, ya yi cinikin musaya ko da bai kira shi da wannan suna ba.

Abin da ya sa ake yawan jin maganarsa a 'yan shekarun nan ba ɓoyayye ba ne. A farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci har masu POS suka riƙa cajin kuɗi mai tsoka kafin su ba mutum kuɗinsa na kansa. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar, kuɗin dakon kaya daga Arewa zuwa Kudu ya tashi, kuma zuwa Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan yanayi ɗan kasuwa kan wayi gari rumfarsa cike da kaya amma aljihunsa babu komai, maƙwabcinsa ma haka, alhali kowannensu yana buƙatar abin da ke hannun ɗan'uwansa.

Inda sauƙin yake shi ne bambancin da ke tsakanin kuɗin sari da kuɗin sayarwa. A ɗauki misalin tela a Agege da mai kayan abinci da ke saro hajarsa daga kasuwar Mile 12. A ce kuɗin ɗinkin kayan yara uku naira 30,000 ne, amma abin da telan ya kashe a zare da man janareta bai wuce 8,000 ba, sauran duk ladan aikinsa ne. A ce kuma shinkafa da wake da man gyaɗan da mai kayan abinci zai ba shi sun kai naira 30,000 a farashin teburi, alhali shi a 25,000 ya saro su. Idan suka yi musaya, telan ya kai cefane gida da kuɗin da bai kai sulusin darajarsa ba, shi kuma ɗaya ya ɗinka wa 'ya'yansa kaya a farashin sari. Wannan ne ya sa musaya ta fi yi wa masu sana'ar hannu daɗi, irin su masu aski da masu wanki da guga da masu gyaran waya da mata masu kitso da lalle, domin abin da suke bayarwa mafi yawansa lokaci ne da gwaninta. Wanda ribarsa a kan kowane buhu ba ta taka kara ta karya ba, sauƙin da zai samu kaɗan ne, kuma ya kamata ya san haka tun kafin ya amsa.

A ganina, yawancin rigimar da musaya ke haifarwa ta samo asali ne daga ɗaukar ta a matsayin alfarma tsakanin 'yan'uwa. Ciniki ce, saboda haka sai an yanka wa kowane ɓangare farashi da naira, an faɗi ranar da kowa zai cika nasa, sa'annan a rubuta ko da a saƙon WhatsApp ne. Idan aka bar ta a kan "za mu daidaita", mai albasa zai lissafa da farashin ranar da ya bayar, telan kuma da farashin ranar da ya gama ɗinki, kuma a Legas mako biyu ya isa farashin albasa ya sauya.

Akwai kuma hukuncin shari'a da bai kamata Musulmi ya tsallake ba. Hadisin Ubada bin Samit ya ambaci abubuwa shida, wato zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, waɗanda idan za a musanya su da jinsinsu dole ne awo ya zo daidai kuma a yi hannu da hannu. Malaman Malikiyya sun shigar da duk abincin da ake rayuwa a kansa kuma ake iya adana shi cikin wannan hukunci. Ke nan mudu biyu na shinkafa mai tsakuwa ba za a ba da su a kan mudu ɗaya na mai kyau ba. Sai dai a sayar da wannan, a sayi waccan da kuɗin. Idan jinsin ya bambanta, kamar shinkafa da man ja, an yarda awo ya bambanta, amma ba a jinkirta karɓa. Musayar abinci da ɗinki ko da aski ba ta shiga wannan ƙaidi ba.

Lokacin da musaya ta fi nuna amfaninta shi ne jajiberin Sallah, sa'ad da kuɗin gida ya tafi ga rago ko ga kayan yara da kuɗin motar zuwa gida, sai kuma mutum ya tuna da surukai da maƙwabta da malamin Islamiyyar yara. Wanda ya shiga kasuwar Balogun a wannan rana zai sayi tsada cikin cunkoso. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya dubi layin da yake kasuwanci. Mai turare na iya ba mai kilishi ƙananan kwalabe, ya karɓi kilishin da za a ƙulla a takarda mai tsabta. Mai dabino ya musanya da mai huluna. Matar da ta iya cincin da dubulan ta ƙara yawan kwaɓinta, ta ba maƙwabciyarta mai lalle kwano guda a yi wa 'ya'yanta mata ƙunshi. Goron Sallah dama ba a auna shi da tsada, abin da ake dubawa shi ne ya zo a kan lokaci kuma cikin tsabta. Haka abin yake a lokacin Kirsimeti ga wanda ke da abokan ciniki Yarabawa ko Ibo, domin ɗan kwandon albasa da attaruhu daga rumfar mutum kyauta ce da kowane gida zai yi amfani da ita a ranar. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne kada a mai da kyauta hanyar rabuwa da kwantan kaya, domin wanda aka ba dabinon da ya fara tsutsa zai gane.

Iyakar musaya kuwa a fili take a gari irin Legas. Mai gida yana karɓar kuɗin haya na shekara guda a dunƙule, makaranta da asibiti da kamfanin wutar lantarki duk kuɗi suke karɓa, haka ma dillalin da ke turo kaya daga Kano ko Sakkwato. Ɗan kasuwar da ya musanya rabin hajarsa da sutura da turare zai iske ranar sari ta zo babu abin da zai tura, saboda haka abin da ya dace a saka a musaya shi ne rarar kaya da rarar lokaci, a bar uwar kuɗi tana juyawa a kasuwa.